Zanzibar ba tare da ejan ba: yadda shirin da na yi da kaina ya kaya

Duk ejan ɗin da na tuntuɓa kan zuwa Zanzibar, kaya ɗaya ya shimfiɗa mini: tikitin jirgi, babban otal a bakin teku, ci da sha duk a cikin kuɗin, mota ta ɗauko ka daga filin jirgi ta kuma mayar da kai. Da na nemi a rarrabe mini lissafin, sai na ga kaso mai kauri na "sha" ɗin nan giya ce, wadda ni da uwargida babu abin da ya haɗa mu da ita, otal ɗin kuma a killace yake can nesa da gari. Wato in biya kuɗin abin da ba zan taɓa ba, in je tsibirin da kusan duk mutanensa Musulmi ne, in dawo ban yi sahu da su ba. Shi ya sa na shirya tafiyar da wayata: shafin neman biza, manhajar kama masauki, sai WhatsApp. Shirin ya yi, kuma kuɗin da muka kashe bai kai farashin da aka yanka mini ba. Amma akwai aiki a ciki, kuma aikin yana da tsari wanda in ka birkita shi za ka yi asara.

Biza ce farko, kafin komai. Zanzibar ɓangare ne na Tanzaniya tun haɗewarta da Tanganyika a watan Afrilun 1964, don haka bizar Tanzaniya ake nema. Mai fasfon Najeriya, ko Nijar, ko Chadi, ba ya cikin waɗanda ake buga wa biza a filin jirgi. Namu sai an miƙa takardun an tantance su tukuna, kuma hukumar shige da fice ta Tanzaniya da kanta tana ba da shawarar a nema da wata biyu kafin tafiya, kada kuma a sayi tikiti ko a biya kuɗin otal sai amincewa ta fito. Bayanan da Turawa ke rubutawa a intanet cewa "kana sauka za a ba ka" nasu ne, ba namu ba. Sai katin rigakafin shawara, wanda ake tambayar duk wanda ya fito daga ƙasashenmu. Sai kuma inshorar dole da gwamnatin Zanzibar ta kafa tun 1 ga Oktoban 2024: dala 44 ga babban mutum, ana biya ta intanet, tana aiki har kwana 92, kuma ko kana da wata inshorar daga gida ba ta ɗauke maka wannan ba. Na buga duk takardun nan a kan takarda, ban dogara da hoton waya ba, kuma hakan ya sauƙaƙa mini a wurin jami'ai.

A nan ne manhajar kama masauki ta biya ni. Tun da biza tana son shaidar inda za ka sauka, kai kuma ba ka son sakin kuɗi kafin ta fito, sai ka tace ɗakunan da ake iya sokewa kyauta, waɗanda ake biya idan an isa. Wannan kaɗai ya isa dalilin amfani da ita. Sauran abin da ta ba ni shi ne taswira da sharhin waɗanda suka riga ni kwana. Na koyi karanta sharhi daga ƙasa: masu ƙorafi na fara dubawa. In Bature ya koka cewa kiran sallar asuba ya tashe shi, ni a wurina talla ce, masallaci yana kusa ke nan. In an koka kan kiɗa har tsakar dare, na tsallake. Abin da manhajar ba ta iya gaya maka ba shi ne ko akwai buta ko famfon tsarki a banɗaki, ko gidan yana sayar da giya, ko matakala nawa za ka hau da akwati. Waɗannan sai ka tambayi mai gidan kai tsaye. Hoto kuma, a ko'ina yake, ya iya ƙarya. Wani ɗakin da muka kama a gabashin tsibirin, tagar da aka nuna tana kallon teku sai ka leƙa da wuya kafin ka hango ruwa. Akwai kuma harajin kwana da ake karɓa a kan kowane mutum kowane dare, wanda sau da yawa ba ya cikin farashin da ka gani, a hannu ake biyansa.

Mun bi ta Adis Ababa muka sauka Darussalam, daga nan muka shiga jirgin ruwa mai gudu, tafiyar kimanin awa biyu. Akwai jiragen sama da ke sauka kai tsaye a filin Abeid Amani Karume na Zanzibar, kuma mai tafiya da tsoho ko ƙananan yara gara ya bi ta can. A watan Agusta muka je, lokacin da iskar kudu da suke kira kusi take kaɗawa. Gari babu zafi, babu ruwan sama sosai, amma teku yana da tangaɗi, kuma uwargida ta ji jiki a hanyar dawowa. A bakin tashar Darussalam 'yan kamasho za su yi maka caa, kowa da "ofishinsa". Ka wuce su ka je tagar kamfanin da kanta, ko ka sayi tikitinka ta intanet tun daga gida. Ko da yake ƙasa ɗaya ce, ana sake duba fasfo idan an sauka Zanzibar, don haka kada a cusa shi can ƙasan jaka. Wanda zai zaɓi wata ya tuna cewa babbar daminarsu daga Maris zuwa Mayu take, sai ƙaramar wajen Nuwamba. Farashin ɗakuna yana karyewa a Afrilu da Mayu, amma ruwan ba na wasa ba ne.

Tsohon gari, Stone Town, shi ejan yakan ba wa rabin yini. Ni a ganina shi ne rabin tafiyar. Lungunansa sun tuna mini da cikin birnin Kano wajen Kurmi, mota ba ta shiga, sai ƙafa da babur, ka ɓata ka sake fitowa inda ka baro. UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2000. Ƙofofin katako ne masu sassaƙa, wasu da ayoyi a samansu, wasu da ƙusoshin tagulla irin na Indiya. Ga tsohuwar ganuwar da Larabawan Oman suka gina bayan sun kori Turawan Fotugal a ƙarshen ƙarni na 17, ga fadar Beit al-Ajaib da Sarkin Zanzibar Barghash ya gina a 1883, wanda wani sashensa ya rufta a Disamban 2020, mu dai daga waje muka kalle shi. A gaban fadar nan ne jiragen yaƙin Ingila suka yi luguden wuta ranar 27 ga Agustan 1896, yaƙin da bai cika awa ɗaya ba.

Wurin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Mkunazini, inda kasuwar bayi take har aka rufe ta a 1873, aka gina cocin Angilika a kan filin. Akwai ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da ake nuna wa baƙi, masu ƙarancin iska, da gumakan mutane a cikin rami da sarƙa a wuya. A nan na ɗauki ɗan rakiya mai lasisi, kuma kuɗinsa ya halatta. Arzikin kanumfarin da ya ɗaukaka garin, har Sarkin Oman Sayyid Sa'id ya baro Maskat ya mayar da fadarsa nan, da gumin bayi aka gina shi, kuma da yawa daga masu cinikin masu sallah ne. Gara mutum ya ji wannan da kunnensa.

Masallatai kuwa, kowane lungu da nasa. Yawancinsu Shafi'awa ne, za ka ji liman ya bayyana bisimilla, a asuba kuma a ɗaga hannu a yi ƙunutu a bayyane. Ba wanda ya kalle ni don na saki hannu ko na kama. Uwargida da hijabinta ba ta zama baƙuwa ba ko kaɗan, matan garin ma cikin baƙar abaya da mayafin kanga suke. Abinci a gidajen cin abincin 'yan gari babu fargabar halal. Mun ci shinkafar pilau da biriyani, mun sha urojo, wani romo mai tsami da dankali da ƙosai a ciki, ga ruwan rake da ake matsewa da citta da lemun tsami. Kasuwar dare ta Forodhani, wadda kowa ke yabo, ni ba ta burge ni ba. Kyan gani akwai, amma kifi da jatan lande da aka jera tun yamma ba ka san yaushe aka kamo su ba, farashin kuma na baƙi ne. Ka tsaya a kan tsiren mishkaki da ake gasawa a gabanka, ka tambayi kuɗi kafin a ɗora a faranti.

Zaɓen gaɓar teku shi ne inda mai shirya wa kansa ya fi bukatar ilmi, domin manhaja ba za ta faɗa maka ba. A gabas, wajen Paje da Jambiani, ruwa yana janyewa sau biyu a yini, ya yi nisa har sai ka yi doguwar tafiya a kan farin yashi kafin ka taɓa shi. Ranar farko uwargida ta fito ta duba ta ce, "Maigida, ina tekun da ka nuna mini a waya?" Bayan 'yan awoyi ya dawo har gindin katanga. A lokacin janyewar ne matan ƙauyen ke shiga gonakinsu na ciyawar teku, suna ɗaure ta a igiyoyi tsakanin turaku, sana'ar da ta kafu a can tun ƙarshen shekarun 1980, ana busarwa a sayar waje, wasu kuma su yi sabulu da ita. Jambiani shiru ne, ƙauye ne na gaske, da makarantar allo da yara masu ƙwallo a bakin ruwa. A arewa, Nungwi da Kendwa, ruwan ba ya guduwa haka, ana iya wanka kowane lokaci, kuma a Nungwi har yanzu ana sassaƙa jiragen ruwa na katako da hannu. Sai dai can ne cunkoson baƙi yake, da kiɗa, da shigar da mai iyali zai yi ta kau da kai. Mai son iyo ya tafi arewa. Mai son hutu da iyalinsa, Jambiani.

Sufuri sai da ciniki. Tasi daga tsohon gari zuwa Nungwi tafiyar kusan awa ɗaya da rabi ce, kuma direban da mai masaukinmu ya haɗa mu da shi ya fi na bakin titi sauƙi. Akwai daladala, motocin haya da ke tashi daga wajen kasuwar Darajani, wasunsu a-kori-kura ne da benci a baya. Kuɗinsu kaɗan ne ƙwarai, na shiga ni kaɗai don in gani, amma ba zan sa mace da akwati a ciki ba. A hagu suke tuƙi, don haka ban yi marmarin hayar mota ba. Idan za ka yi alƙawari da direba, ka tabbatar da wane agogo yake nufi: a lissafin Sawahili yini daga fitowar rana yake farawa, ƙarfe ɗayansu na safe shi ne bakwai a agogon hannunka. Ka rubuta masa lambar a saƙo. Agogon ƙasar kuma yana gaban na Najeriya da awa biyu.

Cikin yawon da ake tallatawa, gonar kayan ƙamshi ta cancanci kuɗinta. Duk kanumfarin da muke zubawa a kunu da shayi, ban taɓa ganin bishiyarsa ba sai ranar, haka kirfa da ake ɓare wa daga bawon itace, da masoro yana nannaɗe da wata bishiyar, da gyaɗar ƙamshi cikin jan zarenta. Dajin Jozani, inda jajayen biran da babu irinsu sai a tsibirin suke, awa biyu ta ishe shi. Tsibirin Changuu mai manyan kunkuru, waɗanda asalinsu kyauta ce daga tsibiran Seshel a 1919, yara za su so shi, amma cunkoso ya rage masa armashi. Wanda babu ejan ɗin da ya ambata mini shi ne masallacin Kizimkazi da ke kudu. An sake gina shi daga baya, amma a jikin mihrabinsa akwai rubutun Kufi mai ɗauke da shekarar 500 ta Hijira, wato 1107. Ƙaramin gini ne, ba ado a waje, ana sallah a cikinsa har yau. Direban ya yi mamaki da na ce can za mu, don yawancin masu zuwa garin kallon kifayen dolfin ke kai su.

Batun kuɗi, kada ka dogara da katin naira. Na tafi da dala a hannu, sababbin takardu, domin 'yan canji suna ƙin tsofaffi, manyan takardu kuma sun fi samun farashi. Na canza zuwa shilin a tsohon gari, inda injinan cirar kuɗi suka fi yawa. A ƙauyukan bakin teku kaɗan ne, wani lokacin babu kuɗi a ciki. Soket ɗinsu mai baki uku ne irin namu, cajarka za ta shiga. Ledar zuba kaya haramtacciya ce a ƙasar tun 2019, a bar ta a gida. Layin waya da fasfo ake yankarsa, kuma shi ne abin da na fara saya, tun da duk shirin a kan WhatsApp yake tafiya.

Wanda ba ya jin Turanci ko Larabci ko kaɗan, ko wanda zai tafi da tawagar mutum goma, ko amarya da ango masu ranar da ba ta ɗaguwa, ejan zai fi musu kwanciyar hankali, musamman wajen bin sawun biza. Shi ma a zauna da shi a cire abin sha daga lissafi, a ƙara kwana a tsohon gari. In Allah ya sake nufa, Pemba nake son zuwa, tsibirin arewa inda mafi yawan kanumfarin yake, kuma da wannan tsarin zan shirya ta: biza tukuna, ɗakin da ake sokewa kyauta, tikiti daga ƙarshe.