Tsohon leshi: wanne ya cancanci kuɗinki?

Tunda aka fara yayin fito da lesukan akwatin iyaye ana sake ɗinkawa, dillalai suka samu kasuwa, kowacce ta shigo gida sai ta ce miki "wallahi Hajiya wannan irin na da ne, yanzu babu shi ko a Kwari".

Ni dai in za ki saya, boyel na Suwizalan ko na Ostiriya za ki nema, shi ne leshi. Auduga ce zalla, aikin garin St. Gallen na Suwizalan da Lustenau na Ostiriya, kuma 'yan Lustenau ɗin tun shekarun 1960 suke yi wa Najeriya kaya. Ɗaga shi a rana ki gani, yadin shara-shara ne amma ba ya ƙyalli, zanen ya zauna daram, in kin juya bayansa zaren a tsare yake ba ya tsittsinkewa, ga shi ko a zafin Afrilu na Kano jiki yana shan iska, in an wanke ma ƙara laushi yake. Leshin kod, wato mai aikin zare kamar igiya, yana da kyau amma nauyi, ga kama ɗankunne da awarwaro. Na raga mai duwatsu kuwa in ya tsufa ya gama yawo.

Inda nake so ki buɗe ido shi ne jabu. Tambarin bakin yadi ba hujja ba ne, ana buga shi a kan ɗan Chana. Warin kafur ma ba hujja ba ne, sati ɗaya a akwati ya ishi sabon yadi ya ɗauka. Ki zaro zare ɗaya daga gefen yadin ki kyasta masa ashana, auduga tana ci kamar takarda ta bar toka mai laushi, na roba kuwa narkewa yake ya dunƙule ya yi tauri. In dillaliya ta hana ki gwadawa miƙa mata abinta.

Sannan don Allah a warware shi gaba ɗaya, kar a nuna miki fuskar sama kawai. Wata ta taɓa kawo min fari tas, na asali ne kuwa, ashe duk layin ninkin ya ruɓe don daɗewa a ajiye, tela yana ja ya yage, kuma an sha masa bilic don a ɓoye jan da ya yi, shi ya ƙarasa cinye zaren. Ki ɗan ja kowane ninki da yatsu a hankali, ki duba hudar asu, ki kuma sa a auna a gabanki, yadi biyar ne cikakke, da yawansu an riga an yanke na ɗankwali.