Bindigar Huda Kunne ko Allura?

Bindigar huji tana da sauri da araha, amma akasari ta roba ce, ba ta jure tukunyar tururi mai zafin digiri 121 da ke kashe ƙwayoyin cuta. Gogewa da sinadari kawai ake yi mata, alhali ƙwayar ciwon hanta nau'in B takan yi kwana 7 da rai a busasshen jini. Ga shi ɗan kunnen da bindigar ke turawa cikin kunne ba kaifi, da ƙarfi yake yaga nama, abin da kan lalata guringuntsi.

Allura kuwa sabuwa ake ɓarewa, a yi huji ɗaya a jefar. Ni ita na zaɓa. Sai dai tana iya sukar mai yin hujin bisa kuskure, don haka dole ya sa safar hannu, ya yi rigakafin ciwon hanta, ya tanadi mazubin allurai mai murfi kusa da shi.