Jiran oda ko haɗa naka: yadda za ka zaɓi layin ɗaure kaya a kan kayak

Duk wanda ya sayi kayak, wato ɗan siririn kwalekwale da ake tuƙawa da filafili, domin kamun kifi ba ya daɗewa zai gane cewa jirgin kaɗai bai wadatar ba, domin sai an samu inda za a kafa mariƙin sandar fatsa, da na'urar gano kifi, da fitila, da wurin maƙale filafili idan hannu ya koma kan kifi. Abin da ya sauƙaƙa wannan aiki shi ne layin ɗaure kaya, wato siririn alminiyam ko roba mai tsaga a tsakiya wanda ake kafawa a gefen jirgi. Ana zura kan noti mai faɗi a cikin tsagar, a ja shi zuwa inda ake so, a ɗaure, ta yadda mutum zai iya sauya wa kayansa wuri ba tare da ya sake huda jirgin ba. Matsalar ita ce, a daidai lokacin da ake buƙatar wannan layi, wato farkon bazara da kowa ke shirin shiga ruwa, shi ne lokacin da shaguna suka fi cewa kayan sun yanke, sai an sake kawowa.

Abin ya fi tsanani a 2020 da 2021, lokacin da korona ta sa jama'a a Amurka suka yi ca a kan kayan wasannin waje, shaguna suka wayi gari ba kayak ba kayan haɗinsa. Sanyin da ya afka wa jihar Teksas a Fabrairun 2021 ya tsayar da masana'antun da ke sarrafa ɗanyen roba, a watan Maris kuma jirgin Ever Given ya toshe mashigin Suwez, sannan a ƙarshen shekarar jiragen dakon kaya suka yi cincirindo a bakin tashoshin Los Anjelis da Lon Bich suna jiran sauke kaya. Wancan rikici ya wuce, amma yankewar kaya ba ta wuce ba, saboda kamfanonin da ke wannan sana'a ba manya ba ne, kuma cinikinsu na lokaci ne. Don haka har yanzu mai saye yana tsintar kansa tsakanin jira, ko komawa kan wani kamfani, ko haɗa nasa da hannunsa.

Jira yana da hujjarsa, kuma ba zan rage wa kayan asali daraja ba. Layin GearTrac na kamfanin YakAttack da ke jihar Bajiniya, musamman mai faɗin nan GT175, an yi shi da alminiyam mai kauri, yana kuma ɗaukar nauyin da layin gida ba zai ɗauka ba sai da ƙarin dabara. Wanda ke jan ƙugiya a bayan jirgi a cikin teku, inda babban kifi ke iya fizgar sanda da ƙarfi ba zato, shi ne wanda zan ce ya yi haƙuri ya jira na asali. Haka ma mai jirgin kamfanin Hobie da ke da H-Rail, wanda bututu ne mai kusurwa 12 da ke buƙatar mariƙai nasa na musamman, ba shi da abin yi da yawa ban da jira. Komawa kan wani kamfani kuwa, kamar Tough-Track na RAM Mounts, ko kayan Scotty na Kanada, ko Railblaza na Niyuzilan, zaɓi ne mai kyau idan an samu, sai dai yawanci idan ɗaya ya yanke a shago sauran ma sun yi ƙasa, kuma dole ka tabbatar notin mariƙin da kake da shi zai shiga tsagarsu.

A cikin dabarun gida akwai waɗanda ba su cancanci dogon bayani ba. Bututun PVC yana lanƙwasa, mariƙi yana juyawa a kansa, rana kuma tana busar da shi har ya tsage. Katako yana shan ruwa. Ƙarfen da masu wayarin ke rataye kaya da shi ya yi nauyi, yana kuma tsatsa daga inda aka yanka shi. Duk wani abin da aka ce a manna shi da gam kawai a bar maganarsa, domin yawancin waɗannan jirage da robar foliyetilin ake zuba su, wadda kusan babu gam ɗin da ke kama ta kamun da za a dogara da shi.

Wanda na fi so, kuma shi nake ba yawancin masu kamun kifi a tafki da kogi shawara a kai, shi ne layin alminiyam mai tsaga da kafintoci ke sakawa a teburin aikinsu domin danne katako. Ana samunsa a shagunan kayan kafinta duk shekara, saboda cinikinsa bai da alaƙa da lokacin shiga ruwa. Faɗinsa yawanci kashi uku cikin huɗu ne na inci, ana sayar da shi da tsawon inci 24 ko 36 ko 48, kuma guda ɗaya mai tsawo yana isa a fitar da layuka uku ko huɗu a kan kuɗin da bai kai na kayan asali ba. Babban abin da ya sa ya dace shi ne tsagarsa an yi ta ne domin noti mai kaurin rubu'in inci, mai zare 20 a kowane inci, wanda shi ne ma'aunin da yawancin mariƙan kayak na Amurka ke amfani da shi. Duk da haka ka tafi shago da notin mariƙinka a aljihu ka gwada, domin kan wasu notocin yana da kauri, sai an ɗan goga shi da magagari kafin ya zame yadda ya kamata. Ka nemi wanda aka yi wa rufin kariya daga masana'anta, wanda za ka gane shi da santsi da launi, ko shuɗi ko ja ko baƙi.

Kafin a huda komai, ka ajiye jirgin a ƙasa, ka zauna a kujerarsa, ka riƙa tuƙa filafili kamar kana kan ruwa, ka ga iyakar inda hannunka da filafilin ke wucewa. Layin da aka kafa a hanyar filafili zai riƙa fasa maka yatsu duk tsawon yini. Ka kuma lura da inda ƙirjinka da cinyarka za su bi idan jirgi ya kife kana ƙoƙarin sake hawa, domin kada ka sa wa kanka shinge a wurin. Bayan ka yi alama, ka yanka layin gajeru-gajeru da zarton ƙarfe, inci 8 ko 12, maimakon guda ɗaya dogo. Dalili kuwa shi ne gefen jirgi ba miƙe yake ba, kuma roba tana buɗewa a rana ninkin yadda alminiyam ke buɗewa sau da dama, saboda haka dogon layi yakan ja ramukan har su yi faɗi su fara shan ruwa. Bakin da aka yanka a goge shi da magagari da samfefa har sai yatsa ya bi ta kansa bai ji kaifi ba, domin wannan kaifi yana yanka fata yana kuma tsinka zaren fatsa.

Ni a wurina ƙarfin layi duka yana ta cikin jirgi ne, a inda ido ba ya gani. Kaurin jikin kayak milimita kaɗan ne, kuma sukurun da aka murɗa kai tsaye a cikin robar yana riƙewa ne na ɗan lokaci, daga baya jijjiga da zafin rana su sassauta shi. Abin da ya dace shi ne noti ya ratsa layi da jikin jirgi ya fita ta ciki, a tare shi da faranti, sannan washa mai faɗi, sannan noti mai roba a baki wanda ba ya kwancewa da kansa. Farantin nan ba sai an saya ba: allon roba fari da ake yanka nama a kansa a kicin, mai kaurin rabin inci, shi ma foliyetilin ne, ba ya ruɓewa, kuma zarto yana yanka shi cikin sauƙi. Idan wurin ya yi nisa da murfin jirgin, wato ƙofar da ake buɗewa a kai hannu cikinsa, har hannu ba ya kaiwa, akwai dabarar da ke aiki. Ka zura igiya mai tauri ta ramin farko da na ƙarshe, ka tura ta har ta fito ta murfin, ka ratsa ta cikin ramukan farantin ka ƙulla, sannan ka jawo ta a hankali daga sama. Za ka ji farantin yana gogar cikin jirgi yana tafiya har ya manne a ƙarƙashin ramukan, sai ka riƙe igiyar tam ka fara ɗaure notocin tsakiya. Wannan yana buƙatar a riga an dasa a jikin farantin notocin da na sama za su murɗa a ciki. Inda hakan ma ya gagara, ribit mai buɗewa gida uku ya fi sukuru nesa ba kusa ba. A kowane rami a sa ɗan abin toshe ruwa irin Lexel ko Marine Goop, tare da sanin cewa aikinsa toshewa ne, riƙo kuwa na noti ne. Kan notin dole ya nutse daidai da ƙasan tsagar, in ba haka ba mariƙi zai riƙa cijewa a kansa.

Raunin wannan layi guda ne, kuma gaskiya ne: siriri ne, notocinsa a jere ɗaya suke, saboda haka dogon mariƙi yana iya girgiza shi gefe da gefe. Maganinsa shi ne a yawaita notoci, kowane inci 3 zuwa 4, a kuma sa washa mai faɗi ta roba a gindin mariƙin. Ko da wane layi ka sa, na'urar gano kifi da sanda mai tsada a ɗaure su da igiya ta daban. A kuma karanta sharuɗɗan garantin jirgin kafin a huda shi.

Yanzu sai maganar da ta fi damuna, wato jabu da damfara, domin yankewar kaya ita ce kakar 'yan damfara. Wani shago na intanet ya taɓa nuna mini cewa kaya na nan, ya cire kuɗi daga katina nan take, sai bayan haka saƙo ya zo cewa sai an sake kawowa, aka yi ta ɗaga rana har lokacin kifi ya kusa wucewa. Tun daga nan ma'aunina na farko ga kowane shago shi ne yaushe yake cire kuɗi, ranar oda ko ranar aikawa. A Amurka akwai ƙa'idar hukumar kula da ciniki ta FTC da ta wajabta wa mai sayarwa ya aika kaya a lokacin da ya yi alkawari, ko cikin kwana 30 idan bai faɗi lokaci ba, idan kuma zai makara ya sanar da mai saye ya ba shi damar fasawa a mayar masa da kuɗinsa. Ka lura da wa'adin ƙorafi, domin a nan ake cutar mutane: PayPal, kamfanin biyan kuɗi ta intanet, yana ba da kwana 180, kuma mai sayarwa mara gaskiya zai yi ta lallashinka da alkawari har wa'adin ya cika. Duk wanda ya ce ka biya ta zaɓin PayPal na tura wa 'yan uwa da abokai kuɗi, ko da katin kyauta, ka rabu da shi, domin waɗannan hanyoyi ba su da kariyar mai saye. Haka nan tallan da ke fitowa a Facebook da tambarin sanannen kamfani da rangwame mai ban mamaki a kan kayan da suka yanke a ko'ina, ka je shafin kamfanin da kanka ka duba jerin dilolinsa kafin ka taɓa katinka.

Jabun kaya kuma sun fi damfarar kuɗi haɗari, saboda a kan ruwa suke nuna halinsu. Layin roba mai araha da ba a haɗa shi da sinadarin jure rana ba yana yin fari-fari ya yi gautsi, leɓen tsagar ya ɓalle ranar da aka fi buƙatarsa. Notocin da ake haɗowa da irin waɗannan kaya a ce ba sa tsatsa, na ga yadda suka zubar da jan ruwa a gefen jirgina tun kafin kaka ta zagayo, har sai da aka yanke su da zarto. Mayen ƙarfe yana tona asirin baƙin ƙarfen da aka yi wa fenti, amma ba ya bambanta mai kyau da ƙarfe mai lamba 201, wanda shi ma ba ya kama maye sosai alhali bai kai sauran jure tsatsa ba. Abin nema shi ne ƙarfe mara tsatsa mai lamba 304 domin ruwan daɗi, 316 domin ruwan gishiri, saboda sinadarin molibdinam da ke cikinsa, kuma a notocin milimita za ka ga A2 ko A4 a rubuce a kansu. Akwai kuma rikicin zare: noti M6 kaurinsa milimita 6 ne, na rubu'in inci kuwa 6.35, suna kama a ido, sukan shiga juna zagaye ɗaya ko biyu sannan su cije, wanda ya matsa da ƙarfi ya lalata mariƙinsa. Wannan ya shafi duk wanda ya shigo da kayak Najeriya ko Nijar, inda notocin milimita suka fi yawa a kasuwa, don haka ya sayo notocin inci masu yawa tare da kayansa.

Masu amfani da notin kafa masai na zamani a matsayin notin tsaga su ma su gwada shi da maye, domin da yawa baƙin ƙarfe ne aka shafa wa ruwan tagulla. Ko na gaske ne, a ruwan gishiri tagulla da alminiyam ba sa jituwa, alminiyam ɗin ne ke cinyewa ya zama farin gari, kuma hakan na faruwa a hankali ko da ƙarfe mara tsatsa. A shafa Tef-Gel, wani mai da ke hana wannan cinyewa, a jikin notocin, a kuma wanke layin da ruwan famfo bayan kowace fita teku. Idan an gama ɗauri, a kwarara ruwa a kan layin, a buɗe murfi a haska tocila a ƙarƙashin kowane noti a ga ko yana ɗiga, sannan a sake matse notocin bayan fitar farko, domin roba takan ɗan lotsa a ƙarƙashin faranti idan ta sha rana.