Kamfanin ajiyar kaya: sun fitar da mu kunya ranar tashi, sun wahalar da mu a kan kwali ɗaya

Na yi hulɗa da wani kamfanin kwashe kaya da ajiyarsu a lokacin da cinikin gidan da muke saye ya tsaya cak, wa'adin hayarmu kuma ya zo ƙarshe. Abin da ya tsayar da cinikin daga ɓangaren mai sayarwa yake. Ya taɓa jinginar da gidan a banki, bankin kuma ba ya sakin takardun mallaka sai an biya ragowar bashin an rubuta takardar sakin jingina. Lauyanmu ya ce ba zai yarda mu zuba cikon kuɗi ba sai ya ga wannan takarda da idonsa, kuma gaskiyarsa ce, domin wanda ya sayi gida da bashi a kansa ya sayi rigima. Na roƙi mai gidan hayarmu ya ɗaga mana ƙafa ko da na wata ɗaya ne, ya ce da da hali da ya yi, amma ya riga ya sa hannu da wanda zai shigo bayanmu.

Tun farko na yi magana da kamfanin ne a kan su ɗauke kaya daga wannan gida su sauke a wancan, har na ba da kafin alƙalami. Da na kira na shaida musu cewa babu gidan da za a sauke kayan, na ɗauka za a ce kuɗin ya tafi. Matar da ta ɗauki wayar ta saurare ni har na gama, sannan ta ce wannan abu ne da suka saba gani, za su mayar da aikin ya zama ajiya, kuɗin da na bayar kuma ya shiga lissafi. Ba zan ɓoye ba, a daren nan ne na fara samun barci sosai.

Ranar tashi ma ba su ba ni kunya ba. Shugaban ma'aikatan dattijo ne mai natsuwa, ya bi ɗaki ɗaki yana rubuta lamba a jikin kowane kwali yana shigar da ita cikin takarda tare da abin da ke ciki. Da ya iso wurin firji ya sa hannu a ciki ya ji sauran laima, sai ya ce, "Yallaɓai, wannan idan aka rufe shi a haka, wari da fumfuna za ka tarar." Ya sa aka goge shi tas, aka saƙala kwali a bakin ƙofar don iska ta riƙa shiga. Kusoshin gado ya zuba su a leda ya manna a jikin katakon. A wannan rana da an tambaye ni, da na ce babu kamfanin da ya kai su.

Matsalar ta taso ne daga kwali ɗaya da na ware a gefe, na rubuta a jikinsa da manyan haruffa cewa kada a ɗauka, na kuma faɗa da baki. A cikinsa takardunmu suke, har da na cinikin gidan. Wani daga cikin yaran kamfanin ya haɗa shi da sauran ya sa a mota, ban gane ba sai da muka sauka a ɗan ƙaramin gidan da muka kama na wucin gadi. Wanda ya taɓa neman rancen sayen gida ya san cewa amincewar banki tana da wa'adi, idan ciniki ya ja lokaci har wa'adin ya kusa cika, sai a sake neman shaidar albashi da ta shaidar mutum kafin a sabunta. Abin da ya same mu ke nan, kuma bankin da ke ba mu rance takardu na asali ya nema.

A nan ne na ga wata fuskar kamfanin. Ashe ba ɗaki suke ba mutum da makullinsa ba, cikin manyan akwatunan katako suke zuba kaya su rufe su jera wani kan wani, ba a sauko da su sai da injin ɗaga kaya. Ofis ya ce sai na nemi rana a rubuce, kuma sai na biya kuɗin buɗewa. Na yi bayani cewa ma'aikacinsu ne ya ɗauki abin da aka ce kada ya ɗauka, aka ce wannan ƙa'ida ce da ta hau kan kowa. Na nemi manaja, kullum ana ce mini yana taro. Ina da iyali a matse cikin ɗakuna biyu, lauya yana kira, banki yana kira, mai sayarwa ya fara cewa akwai wasu masu son gidan, ni kuma ina roƙon a ba ni takarduna da ke hannun mutanen da nake biya. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, musamman da babu wanda ya buɗe baki ya ce a yi haƙuri. A ƙarshe dattijon nan ne ya duba takardarsa ya gano akwatin da kwalin yake, ya tsaya da kansa aka sauko da shi. Kuɗin buɗewar dai sai da na biya.

Bayan ciniki ya faɗa mun karɓi makulli, sai ga wani lissafin: mun ɗan shiga sabon wata, aka caje mu kuɗin watan cur. Wannan yana cikin yarjejeniya, na yarda, amma mutumin da bai san ranar da za a ba shi gida ba ya cancanci a faɗa masa da baki tun ranar farko. Kayan sun iso lafiya, ko kofi bai fashe ba, sai katifa ɗaya da ta zo da baƙin tabon danshi a gefe. Da na kai kuka aka ce inshorarsu tana biyan karyewa da ɓata ne, ban da danshi.

Ma'aikatan da ke ɗaukar kaya sun cancanci yabo, kuma zan iya sake ba su aikin kwashewa daga gida zuwa gida. Ajiya kuwa ba zan ƙara yi a wurinsu ba, domin wanda cinikinsa ke jan ƙafa yana buƙatar wurin da zai shiga ya ɗauki abinsa duk lokacin da lauya ko banki ya nema, kuma wanda ake biya mako mako. Na rubuta musu takarda a kan kuɗin buɗewar da kuma katifar, har yanzu ba su amsa ba.