Shagon jesin hoki da na koma bayan an sallami Marner

Tun watan Yulin 2025 nake ta cewa zan rubuta wannan saboda 'yan uwa da ke nan Toronto da kewaye, musamman iyayen da yaransu suka kamu da son wasan hoki na ƙanƙara a makaranta, don na san akwai mu da yawa, kai kana gida kana kallon Firimiya yaro kuma ya dawo yana maka maganar Maple Leafs, kulob ɗin hoki na Toronto. Shagon da zan yi magana a kai ƙarami ne, yana cikin wata filaza a Scarborough, tsakanin wani mai aski da mai sayar da shawarma. Ba zan kama suna ba don akwai ƙorafi a cikin maganar tawa, wanda yake so ya same ni ta waya in masa kwatance.

Abin da ya kai ni wurin tun farko, a Disambar 2024 na sayi jesi biyu, ɗaya tawa ɗaya ta babban yarona mai shekara 11, dukkansu da sunan Mitch Marner, ɗan wasan Leafs a lokacin, da lamba 16 a baya. Shi yaron ne ya zaɓa, ni kuma na bi shi don dai mu yi anko. Tawa kaɗai ta haura dala 200 na Kanada kafin haraji, kuma kun san halin nan ƙasar, kuɗin da ke jikin kaya daban wanda za ka biya a kanta daban, sai an ɗora maka kashi 13 na Ontario. Maman yara har yau in ta ga rigar sai ta tuna min buhun shinkafa nawa ne a ciki.

Toh sai ga abin da ya faru. Leafs suka fitar da Ottawa a zagayen farko na neman kofi, suka haɗu da Florida Panthers a na biyu, suka ci wasa biyu na farko kowa ya fara mafarki, aka je har wasa na bakwai, na raba gardama, ranar 18 ga Mayun 2025 a gida a Scotiabank Arena, Florida ta lallasa su 6 da 1. Ranar na ga abin da ban taɓa zato ba a wurin mutanen da ake cewa sun fi kowa ladabi, 'yan kallo na ihu suna cire jesinsu suna jefawa kan ƙanƙara. Ni kuɗin rigar kawai nake lissafawa wallahi. Bayan 'yan kwanaki aka ce ba za a sabunta wa shugaban kulob ɗin Brendan Shanahan kwantiragi ba, sannan a ƙarshen Yuni zuwa 1 ga Yuli labari ya tabbata Mitch Marner ya tafi Vegas Golden Knights, shekara 8 a kan dala miliyan 96 na Amurka, Toronto kuma ta karɓi Nicolas Roy.

Sati biyu bayan nan na kwashi rigunan na koma shagon da rasit ɗina, wai ko za su canza min. Dattijon da ke kanta, Bature ne mai furfura da tabarau a wuya, bai ma bari na gama ba ya yi murmushi ya nuna min wani layin hanga a gefen ƙofa, duk Marner 16 ne an rage musu kusan rabin kuɗi. Ya ce ba sa karɓar riga mai suna in an riga an saka ta, ballantana bayan wata bakwai. Gaskiya ne an rubuta a ƙasan rasit ɗin, da rubutu ƙanana kamar tururuwa, ni ne ban karanta ba. Amma abin da ya ɗan sosa min rai shi ne a Disamba da nake biya babu wanda ya ce min malam ka san kwantiragin mutumin nan zai ƙare a bazara fa, alhali duk garin an sani, ni ne kawai baƙo a harkar. Mai shago na son ciniki na sani, amma kalma ɗaya da ta isa.

Sai dai in faɗi gaskiya, awa ɗaya da rabi da na yi a shagon ranar ta fi min kallon labarai na sati guda. Wurin ya koma majalisa, irin ta bakin gidan kallon ƙwallo in an tashi daga wasa. Wani ƙaton mutum da hular Leafs da ta koɗe yana ta faɗa, wai gara da ya tafi, shekara 9 ana abu ɗaya, daga Oktoba zuwa Afrilu yaro ya yi ta burgewa, da an shiga zagayen neman kofi inda ake jibgar juna da katanga sai a neme shi a rasa, ranar wanka kuwa ba a ɓoyon cibi. Wata dattijuwa da ta zo saya wa jikarta hula ta tare shi, ta ce mutumin da ya kawo maki 102 a kakar da ta wuce, ƙwallo 27 da taimako 75, shi kake cewa gara da ya tafi, wa zai cike maka wannan gurbin? Kuma ɗan gida ne, a Markham aka haife shi, nan bayan gari, tun yana yaro Leafs yake goyon baya, su suka ɗauke shi na 4 a zaɓen matasa na 2015, amma aka yi ta zaginsa har ya tattara. Daga baya ma shi da bakinsa ya faɗa a wata hira cewa sai da aka sa masu gadi a gidansa bayan wasan nan na Florida, ga shi da jariri sabon haihuwa. Wannan kam bai yi ba ko me mutum ya yi.

Ƙaton nan bai haƙura ba, ya kawo zancen watan Maris, lokacin da rahotanni suka ce an so a yi musayar Marner da Mikko Rantanen da ke Carolina a lokacin, shi kuma ya ƙi amincewa don kwantiraginsa ya ba shi ikon ƙin a kai shi ko'ina. Wai da ya yarda da an samu babban ɗan wasa a madadinsa. Ni a raina na ce mutum matarsa na da tsohon ciki ka ce ya tashi ya koma wani gari a tsakiyar kaka don ya faranta maka, kai za ka yi? Amma ban furta ba, mutumin ya ninka ni biyu.

Dattijon kanta ne ya warware min abin da ya daɗe yana ɗaure min kai, yana ninke riguna yana bayani. Na tambaye shi nawa Vegas ta biya Toronto, ya yi dariya ya ce ko sisi. A gasar NHL, wadda Leafs ke bugawa, ba a sayen ɗan wasa da tsabar kuɗi kamar yadda muka saba a ƙwallon ƙafa, musaya ake yi, mutum da mutum ko da damar zaɓen matasa. Kuma kowane kulob yana da iyakar albashin da zai biya 'yan wasansa gaba ɗaya, a kakar 2024-25 dala miliyan 88, a ta 2025-26 kuma 95.5. Toh Toronto ta daɗe da zuba kusan rabin kuɗin a kan mutum huɗu, Auston Matthews, Marner, William Nylander da John Tavares, sauran kuma a yi ta faci. Da an bari 1 ga Yuli ta yi, Marner zai tafi ne a kyauta, shi ya sa suka fara sa masa hannu a kwantiragin shekara 8 wanda a lokacin kulob ɗinsa kaɗai ke iya ba shi, sannan suka miƙa shi, don dai a samu ko Roy ɗin. Da na ji Roy maki 31 ya yi a kakar da Marner ya yi 102, na ce tsugune ba ta ƙare ba kenan, an sayar da kare an sayi biri. Dattijon ya sa na fassara masa, ya yi ta dariya, amma ya ce kar in raina shi, ya ci kofi da Vegas a 2023, abin da babu ɗan Leafs ɗin da ya yi da rigar Leafs tun 1967. Wannan 1967 ɗin ita ce ciwon garin nan. Tun bayan 2004 zuwa 2025 zagaye biyu kacal suka tsallake, Tampa a 2023 da Ottawa a 2025. Na tuna yadda muka ji da Van Persie ya koma Man United a 2012, sai na daina yi musu dariya.

Abin da na lura, babu mai zagin Tavares. Mutumin da ke karɓar miliyan 11 a shekara ya yarda ya zauna shekara 4 a kan ƙasa da miliyan 4 da rabi duk shekara, bayan ya ci ƙwallo 38, kuma bayan an karɓe kyaftin daga hannunsa an ba Matthews a 2024 bai ce uffan ba. Jesinsa mai lamba 91 ba ragi ko kwabo. Sai Matthew Knies mai lamba 23, yaro ne matashi mai jiki, an ba shi shekara 6 a kan miliyan 7.75 duk shekara, nasa kuwa girman yara ya ƙare ƙaf, sai dai ka rubuta suna ka jira. Su Maccelli da aka kawo daga Utah ko riga ɗaya da sunansa ban gani ba.

Yanzu maganar aikin da suka min. Na ce a mayar min da tawa Knies, dattijon ya girgiza kai ya ce zai iya karɓar kuɗina ya yi amma ba zan ji daɗi ba, don sai an cire 16 ɗin baya da na hannaye biyu, kuma inda aka ɗaga lamba shatin manne da ramukan allura ba sa ɓacewa a shuɗin yadi. Ya ce mafi sauƙi a bar lambar a canza faifan sunan kawai, tunda shi sunan a kan wani ƙyalle daban yake. Ya kawo shawarar Tucker, wato Darcy Tucker da ya saka 16 a Leafs daga 2000 zuwa 2008, ɗan tsurut ne amma mafaɗaci, tsofaffin magoya baya na son shi har yanzu. Ya ce mutane da yawa haka suka yi a satin. Na yarda duk da ban taɓa ganin wasansa ba sai da na dawo gida na nema a YouTube. Wannan gaskiyar da ya faɗa min, ya bar aiki mai tsada ya nuna min mai araha, ita ta wanke min haushin Disamba.

Ɗinkin kam ba laifi, zare ya bi layi, haruffan sun zauna daidai ba karkace, na wanke ta sau uku da ruwan sanyi a juye ban sa a na'urar busarwa ba kamar yadda ya ce, ba abin da ya ɗaga. In ka ƙura ido sosai a rana za ka ga ɗan shatin tsohon faifan a gefen hagu, amma sai wanda ya sani. Matsalar ita ce lokaci. An ce min kwana 10, sai da ta yi sati uku da kwana biyu, na kira sau huɗu, sau biyu ba a ɗauka ba, sau ɗaya wani yaro ya ɗauka ya ce bai san zancen ba. Ba su da tsarin turo saƙo in aiki ya kammala, wata 'yar takarda ce mai lamba za a ba ka, in ta ɓata kai ka sani. Fakin ma ranar Asabar wahala ne saboda mai shawarmar nan, gara ka je da safe a ranar aiki.

Kayan kuwa na gaske ne, na kamfanin Fanatics ne tunda su suka karɓi yin jesin gasar daga Adidas a kakar 2024, kuma suna da mai sauƙin kuɗi da mai tsada, ya ajiye min biyun a kanta na taɓa na ji bambancin nauyi da yadda tambarin ganyen yake. Ku kula da girma, jesin hoki da faɗi ake yinta don a sa a kan rigar sanyi, ni da nake sa laj a shat midiyam ta min daidai. Akwai ɗakin gwaji ɗaya. Wa yaro kuwa ku ƙara girma ɗaya, hannun ne ke fara gajarta.

In maki zan ba su, uku da rabi cikin biyar. Zan koma, amma riga mara suna zan ƙara saya, ita na saya wa ƙanwarsa ma ranar da na je karɓar tawa, kuma ta fi araha da kusan kuɗin man mota na sati.

Shi kuwa gogan ƙememe ya ƙi a taɓa tasa. A gaban dattijon ya ƙanƙame rigar ya ce Abba ni dai a bar min Marner ɗina, ai ba laifinsa ba ne. Ƙaton nan mai hula ya buɗe baki zai yi magana, ya kalli yaron, ya fasa. Muna cikin mota kuma sai ga wata sabuwa, wai ya ji a Vegas lamba 93 Marner zai sa, irin wadda ya sa yana matashi a London Knights, kuma dattijon ya ce masa suna iya yin oda. Na ce ya je ya tambayi mamansa.