Fim ɗin kyankyasai da ya hana 'yata barci

Tun farko laifin mai turin ne. Na je shagonsa a bakin layinmu na ce ya tura min abin dariya da zan kalla da yara daren Juma'a. Ya ce, "Hajiya, akwai wani tsohon fim na Amurka, ƙwari ne ke rera waƙa, yara sai cikinsu ya ƙulle." Na ɗauka tururuwa ce ko ƙudan zuma irin na katun. Sai da na zuba tuwo, na jona wayar da talabijin, muka zauna, sannan na ga kyankyasai ne, wasu na kwamfuta, wasu kuma na gaske masu rai.

Sunan fim ɗin Joe's Apartment, ya fito a 1996, kuma shi ne na farko da kamfanin MTV Films ya yi. Jerry O'Connell ne ya fito a Joe, saurayin da ya baro jihar Iowa ya shiga New York neman abin yi, tun saukarsa daga mota 'yan fashi suka yi masa maraba. Ya samu ɗakin haya na dala 50 a wata bayan ya yi ƙaryar cewa shi ɗan marigayiyar tsohuwar da ke haya a ɗakin ne, don dokar birnin ta hana a ƙara wa irin wannan ɗaki kuɗi. Mai gidan kuwa so yake kowa ya tashi a rushe ginin, wani sanata ya gina katafaren kurkuku a wurin.

Gaskiya minti talatin na farko sun ba ni mamaki. Duk wanda ya taɓa zaman haya ya san wannan mai gidan: ba ya gyara, ba ya jin kuka, sai turo 'yan daba su takura maka har ka kwashe kayanka da kanka. Ga waƙoƙin, ban so in yaba ba amma dole. Kyankyasan na jera murya kamar mawaƙan coci, su juya zuwa kiɗan rawa, har da wasan ninƙaya a cikin masai, a jere, ƙafa na tashi tare. Maigida ya yi dariya har ya ajiye cokali. Kamfanin Blue Sky ne ya yi aikin kwamfutar, su ne daga baya suka yi Ice Age da yarana suka haddace, kuma aikin nasu bai tsufa ba ko kaɗan.

Sai aka zo wurin da ya ɓata min komai. Joe ya kawo Lily gida, yarinyar da yake so, 'yar sanatan nan, mai burin mayar da kangon unguwar lambu. Kyankyasan suka ɓuya a cikin fitilar da ke rataye a saman ɗakin don kada su kunyata shi. Suka yi ta taruwa har abin ya kasa ɗaukarsu, suka zubo mata a ka, a wuya, a cikin riga. 'Yata mai shekara shida ta ƙwalla ƙara, ta ture kwanon miya, ta ƙanƙame ni jikinta na rawa. Na kashe talabijin amma aikin gama ya gama. A daren nan sau uku tana farkawa tana kakkaɓe gashinta. Washegari ta ƙi shiga banɗaki sai na riƙe mata hannu, tana shiga kuma sama take kallo. "Umma, akwai su a cikin ƙwan?" Mu da muke gidan haya mai masai ɗaya, da zafi ya shigo suke fitowa ta bakin ramin, me zan ce mata? Ƙarya zan yi? Sai da maigida ya hau kujera ya kwance murfin fitilar ɗakinsu, ya nuna mata babu komai sai ƙura, ya bar ƙwan a buɗe.

Da na ƙarasa kallon ni kaɗai bayan kwana biyu, sai na ga ashe ko ba wannan wurin ba fim ɗin ba na yara ba ne. Akwai ashar, akwai zancen banɗaki iri-iri, har aikin da Joe ya samu ma na zagaya wuraren fitsari ne. Kuma abin da ya fi ci min rai, fim ɗin so yake in ƙaunaci kyankyaso. Ƙazantar Joe ce ta sa suka ɗauke shi aboki, shi ba ya shara ba ya wanke kwano, a ƙarshe kuma su ne suka tara 'yan uwansu na duk birnin suka gyara masa rayuwa. Ni da nake sayen fiya-fiya duk wata, nake zuba kalanzir a masai, nake wanke kwanuka sau biyu saboda su, wannan bai shige ni ba. Na ji an kashe kusan dala miliyan 13 a kansa bai dawo da ko miliyan 5 ba a sinima, sai daga baya ya samu masoya a kaset da talabijin. Ban yi mamakin faɗuwar ba. Masoyan ma na fahimce su, don har yanzu amshin wata waƙar na dawo min ina tsakar wanke-wanke, in kama kaina ina bi.

Babba shi kaɗai, cikinsa ba abinci a gaba, zai iya kalla, minti 80 ne kawai. Na koma wajen mai turin na faɗa masa abin da ya faru, ya ce wallahi shi ma bai taɓa kallonsa har ƙarshe ba, ya ba ni haƙuri ya ce zai tura min wani kyauta. Na ce ya bari. Yau kwana tara ke nan, yarinyar da tocila a ƙarƙashin filo take kwana.