Inda nake zuba wa motar gida ruwan AdBlue a Birnin Kebbi

Motocin iyali masu shan man gas da ake shigowa da su daga Turai ta Kwatano sun fara zuwa da ƙaramin tanki na biyu mai shuɗin murfi, kuma yawancin masu sayensu ba sa sanin amfaninsa sai ranar da rubutu ya bayyana a gaban direba yana ƙidaya tafiyar da ta rage. Tankin ruwan AdBlue ne. Tun da dokar hayaƙi ta Euro 6 ta kankama a Turai tsakanin 2014 da 2015, kamfanoni da yawa suka rungumi wannan dabara, wato a fesa ruwan cikin bututun salansa, zafi ya fitar da amoniya daga cikinsa, ita kuma ta sauya gubar hayaƙin dizal zuwa iskar naitirojin da tururin ruwa. Motar gidanmu Volkswagen Sharan ce, kuma takan fara gargaɗi idan saura tafiyar kilomita 2,400. Wanda ya yi biris har ƙidayar ta ƙare, da zarar ya kashe injin to ba zai sake tashi ba sai an zuba.

Shagon da nake zuwa yana gefen gari ta hanyar Jega, asalin sana'arsa kuma sayar da baƙin mai da filta ce. Abin da ya sa na fifita shi a kan sauran bai wuce yadda yake ajiye ruwan ba. AdBlue haɗi ne na yuriya mai tsabta kashi 32.5 cikin ɗari da tataccen ruwa kashi 67.5, kuma zafi yana rage masa ƙarfi. Masu yin sa suna cewa yana iya kai shekara guda ko fiye idan wurin ajiyarsa bai haura digiri 30 ba, amma idan ya daɗe cikin zafin da ya wuce haka, kwanakinsa raguwa suke yi ƙwarai. Turawa suna fargabar daskarewarsa a digiri 11 ƙasa da sifiri, mu kuwa a Kebbi da zafi ke wuce digiri 40 a watan Afrilu, damuwarmu daban ce. Na sha ganin jarkokinsa jere a bakin titi, rana tana dukansu tun hantsi har la'asar, a gefen galan-galan na baƙin mai. Wannan mai shago a ɗakin ciki yake ajiye nasa, a ƙasa, nesa da rufin kwano, kuma kafin ya ɓalle murfi yakan nuna wa mai saye ranar da aka yi ruwan da lambar ISO 22241 da ke jikin jarkar, wadda ita ce shaidar cewa an bi ƙa'idar haɗin.

Wurin zubawa ma yana da tsari. Ba ya amfani da mazurarin da aka taɓa zuba mai da shi, sai bututun roba da ke zuwa tare da jarkar, kuma a lokacin hunturu yakan goge bakin tankin tukuna saboda ƙura. Idan ruwan ya ɗiga a jikin fenti, nan take yake wanke wurin, domin idan ya bushe yakan bar farin ɓurɓushi kamar kanwa. Bayan an gama yakan sa a murɗa makulli ba tare da tayar da inji ba, a dakata kaɗan har kwamfutar motar ta gane cewa an ƙara.

Akwai magana guda da ta ƙara masa daraja a idona. A jihar da noman shinkafa ya cika fadamun Argungu da Suru, buhun takin yuriya ba baƙo ba ne a kowane gida, don haka ba abin mamaki ba ne wani ya yi tunanin jiƙa taki a ruwa ya huta da tsada. A gabana wani dattijo ya kawo wannan shawara, mai shagon ya amsa masa da cewa, "Alhaji, ranka ya daɗe, sunan ne ɗaya, amma na gona yana da dattin da zai toshe maka bakin feshi, kuma ruwan rijiya ko na leda gishirinsa kaɗai ya isa ya lalata tukunyar tace hayaƙin." Gaskiya ya faɗa, domin takin gona ana haɗa shi da sinadaran da ke hana shi dunƙulewa, kuma kuɗin famfon da ke tura ruwan da na bakin feshi sun ninka kuɗin jarkoki masu yawa. Haka nan ba ya cikin masu ba da shawarar a kashe na'urar feshin ruwan gaba ɗaya ta kwamfuta, alhali makanikai da dama da ita suke fara tarar mutum. Motar da za a riƙa ɗaukar yara da ita zuwa makaranta, ban ga hikimar mayar mata da hayaƙin da aka ƙera ta don ta rage ba.

Sai dai shagon yana da nasa rauni. Farashinsa ya fi na bakin titi, kuma jarka mai lita 10 kaɗai yake kawowa, ga shi ƙaramar mota ba ta cika shan abin da ya wuce lita ɗaya zuwa biyu a kilomita 1,000 ba, saboda haka idan tankin bai shanye duka ba, ragowar takan zama kaya a hannun mai mota, kuma barinta a but cikin wannan zafi asara ce. Da zai riƙa kawo ƙananan jarkoki da ya kyauta. Yaran shagon kuma ba su kai maigidansu kula ba. Na taɓa ganin ɗayansu ya nufi bakin tankin man gas da jarkar, sai da aka daka masa tsawa, kuma wannan kuskure ne babba, domin idan ruwan ya shiga tankin mai aka tayar da inji, yana iya cin famfon mai da nozul. Idan maigidan ba ya nan, gara mai mota ya tsaya a kan aikin da kansa.

Kayan kuma sukan yanke masa, wani lokaci har a ɗauki makonni kafin wasu su iso daga Legas, kuma ba ya cike gurbin da wanda bai san asalinsa ba. Mai shirin tafiya mai nisa, kamar zuwa Kaduna ko Abuja da iyali lokacin sallah, ya kamata ya leƙa shagon tun gargaɗin farko, tun yana da sauran kilomitocin da zai iya jira da su.